Gyaran Windows Idan Faifai Ya Ɓata: DISM ko Filashi?

Idan fayilolin Windows suka lalace kuma faifan girkawa ya ɓata, ana iya amfani da umarnin DISM (wani kayan gyara da ke cikin Windows), wanda ke ɗauko lafiyayyun fayiloli daga Windows Update, sannan a bi shi da umarnin sfc /scannow, mai binciken fayilolin Windows, domin a maye gurbin lalatattun. Wannan hanya ba ta taɓa takardun mai kwamfuta, amma sai kwamfutar tana tashi kuma akwai intanet, kuma a ganina ita ta cancanci a fara gwadawa.

Ɗaya hanyar ita ce a nemi wata kwamfutar, a yi amfani da manhajar Microsoft mai suna Media Creation Tool wajen zuba Windows a filashi mai aƙalla gigabait 8, wanda za a goge duk abin da ke cikinsa. Ta fi cin data da lokaci, sai dai ita ce ke ceton kwamfutar da ta ƙi tashi gaba ɗaya.