Gidan Zane na Nike a Lekki: Inda Ake Jin Bayanin Aiki Daga Bakin Mai Shi

Gidan baje kolin zane-zane na Nike, wanda yake unguwar Lekki daura da babban titin da ya nufi Epe, yana cikin wuraren da Hausawan Legas suke wucewa ta kusa da su kullum ba tare da sun leƙa ba, alhali ba a karɓar ko kwabo a bakin ƙofa. Farin bene ne mai hawa biyar da aka buɗe a 2009, kuma dubban ayyuka ne jibge a cikinsa, daga zanen fenti da rinannun yadudduka zuwa sassaƙen itace, ƙirar ƙarfe da hotunan da aka tsara da ƙananan duwatsun ado. Yawancin masu yabon wurin yawan kayan suke ambata. A ganina kuwa, abin da ya cancanci mutum ya taso tun daga Agege ko Idi-Araba dominsa shi ne damar jin bayanin aiki daga bakin wanda ya yi shi, domin a wannan gida hira da baƙo al'ada ce, kuma mai gidan ce ta kafa ta.

Mai gidan, Cif Nike Davies-Okundaye, wadda kowa yake kira Mama Nike, an haife ta a 1951 a garin Ogidi da ke jihar Kogi ta yanzu. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta tashi a hannun kakanninta mata, kuma a wurin wata tsohuwa daga cikinsu ta koyi saƙa da rinin adire, wato yadin Yarbawa da ake rinawa da shuni. Ba ta yi zurfi a karatun boko ba, amma sana'ar ta kai ta har koyarwa a jami'o'in ƙasashen waje. A 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo inda ake koya wa mata da matasa sana'ar kyauta, daga baya ta yi rassa a Abuja da Ogidi. Duk lokacin da take bayanin aikinta, daga waɗannan tsofaffin take farawa, kuma ba ta ɓoye cewa talauci da maraici ne suka fara kai hannunta cikin tukunyar shuni ba. Wannan rashin ƙawa a magana ya burge ni, domin ba kasafai wanda ya yi suna yake yarda ya ce yunwa ce malamarsa ta fari ba. Ba kullum ake samunta a gidan ba, saboda haka wanda yake son jin ta bakinta gara ya tambaya kafin ya kama hanya.

Ga Bahaushe, ƙofar shiga wannan gida ita ce shuni. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ya ga yadda ƙyalle yake fitowa kore daga rami sannan iska ta mayar da shi shuɗi, ba zai ji shi baƙo ba a gaban yaduddukan da aka rataye a nan. Bambancin yana cikin hannun da yake aikin da kuma dabarar hana rini kama wani sashe. A Kano rini sana'ar maza ce, a ƙasar Yarbawa kuwa mata ne suka riƙe adire tun asali. Akwai wanda ake ɗaurewa da zare kafin a tsoma, wanda marinanmu ma sun san shi, akwai kuma wanda ake kira eleko, inda ake dama kullun rogo a zana shi a kan farin ƙyalle da gashin kaza, a bari ya bushe, a rina, sannan a kankare kullun, sai zanen ya fito fari-fari a cikin shuɗi. Da ido kawai mutum zai ga murabba'ai ne cike da tsuntsaye, ƙadangaru, ganyaye da layuka. Sai an yi masa bayani yake gane cewa zanen yana da suna, kuma sassansa da dama suna ɗauke da karin magana ko tarihin wani gari. Sanannen zanen nan da ake kira Ibadandun, alal misali, yana nuna ginshiƙan zauren Mapo na birnin Ibadan, wato mai rinin tana yabon garinta ne a jikin zanen da wata za ta ɗaura.

A nan ne na ga darajar hidimar da gidan yake yi, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan ji kunya. Mu ma muna da aska takwas a ƙirjin babbar riga, muna da dagi, muna da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, amma da wuya ka sami wurin da aka zaunar da maɗinki ko magini aka ce ya faɗa wa baƙi dalilin da ya sa ya karkata layi ta nan bai karkata ta can ba. A kasuwar kayan gargajiya ta Jakande, wadda ba ta da nisa da wannan gida, 'yan uwanmu ne da yawa suke sayar da jakunkunan fata da duwatsun wuya, amma cinikin yakan ƙare ne a kan farashi, ba a kai ga labarin dukawan da suka yi aikin ba.

Sai dai ba duk bayanin mai zane ake haɗiyewa ba. Wanda yake bayanin aikinsa yana kuma fatan a saya, kuma a gidajen zane na Legas gaba ɗaya akwai wasu kalmomi da suka zama tamkar kirarin maroƙi, wanda ake yi wa kowane mai babbar riga ba tare da an canza komai ba sai suna: al'adunmu, kakanninmu, ƙarfin macen Afirka. Ma'aunin da nake amfani da shi wajen tantance magana shi ne labarin Bruce Onobrakpeya, dattijon mai zane da aka haifa a 1932, wanda ya daɗe yana aiki a Legas. Shi da kansa ya sha faɗin cewa dabarar buga hoto da ta fito da sunansa ta samo asali ne daga ɓarna, lokacin da ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfe a 1967, ya cike ramukan da gam mai tauri, sai hoton da ya buga ya fito da tudu da kwari irin wanda bai taɓa samu ba. Bayani irin wannan, mai ambaton kayan aiki da kuskure da abin da aka yi bayan kuskuren, shi ne yake ƙara wa mai kallo ido. Saboda haka idan baƙo ya dace da wani mai zane a wurin, maimakon ya tambaye shi ma'anar hoton, gara ya tambaye shi ta ina ya fara, wane launi ya goge, kuma me ya gagare shi.

Ambaton Onobrakpeya yana tuna mana cewa zanen zamani na Najeriya yana da saiwa a Arewa. Shi da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suna cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma manufarsu ita ce a haɗa dabarun da Turawa suka koyar da abin da kowa ya gada a gidansu. Mama Nike kuwa ta fito ne daga ɗaya reshen, na Oshogbo, inda wasu Turawa, Ulli Beier da Georgina Beier, suka shirya tarukan koyarwa a farkon shekarun 1960 ga matasan da ba su shiga makarantar zane ba, irin su Twins Seven Seven da Jimoh Buraimoh. Wanda ya riƙe waɗannan rassa biyu a ransa zai fi gane abin da yake gani yayin da yake hawa daga bene zuwa bene.

Akwai wani fanni da Bahaushe ya fi mai zanen kansa sani, wato hawan sallah. Dawakan daba suna cikin abubuwan da masu zanen Najeriya suka fi sha'awa, kuma da wuya a shiga gidan zane a Legas ba a ga ko ɗaya ba. Wasu sun kama ƙurar jahi da nauyin lifidi da ja da koren dogarai yadda sai ka rantse sun tsaya a ƙofar fada, wasu kuwa rawanin kawai zai nuna maka cewa daga hoto aka kwafa, domin naɗin bai zauna ba, kunnuwan ma an ɗora su a kan wanda bai kamata ba. Tambaya ɗaya cikin ladabi, a wane gari ka ga wannan hawan, tana buɗe hira mai daɗi, kuma mai zane na gaskiya yakan yi murna da samun wanda zai gyara masa.

Wajibi ne kuma a faɗa wa mai karatu cewa akwai sassaƙe da zane-zanen da suka shafi addinin gargajiya na Yarbawa, har da siffofin mutane da na abubuwan bauta, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga gidan da tushensa yake Oshogbo, garin da kurmin bautar Osun, abar bautar Yarbawa, yake. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wannan ba yana da yadudduka, da zanen kasuwanni da jiragen kwale-kwale, da ayyukan da launi da layi ne zalla, waɗanda sun isa su cika masa yini. Mai zuwa da yara ya san da haka tun daga gida.

Bangayen a cike suke tun daga ƙasa har rufi, har da gefen matakala, saboda haka wanda ya ce sai ya kalli komai zai fito bai riƙe komai ba. Ya fi kyau a zaɓi hawa ɗaya ko biyu a tsaya a kansu. Kayan na sayarwa ne, kuma tsakanin kuɗin ɗan gyale na adire da na babban zanen fitaccen mai zane akwai tazara mai nisa, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya fara da yadi, ya kuma nemi a faɗa masa sunan wanda ya yi da sunan zanen kafin a naɗe masa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton aikin wani. Mai tahowa daga Agege ko Mile 12 kuwa ya fito da sassafe, domin cunkoson titin Lekki da yamma yana iya cinye lokacin da ya fi wanda aka yi a cikin gidan.