Ayari ko kai kaɗai: yawon buɗe ido a ƙasar da ake tarzoma

'Yan uwa a nan Maradi sun yawaita tambayata: wanda hutu ya kai shi wata ƙasa, sai zanga-zanga ta ɓarke, ya bi ayari da ɗan jagora ne, ko ya fita shi kaɗai?

Ta wajen kuɗi, ayari yakan fi sauƙi tunda ana raba kuɗin mota da na jagora. Amma tun farko ake biya, kuma in aka soke fitar, dawo da kuɗin sai an sha fama.

Maganar tsaro ce ta fi damuna. A Dakar, babban birnin Senegal, cikin Yunin 2023, bayan hukuncin da aka yanke wa Ousmane Sonko, ɗan adawa a lokacin, tarzoma ta ɓarke, hukuma ta taƙaita intanet na salula. Baƙon da ya dogara da taswirar waya ya shiga uku ke nan. Ɗan jagora kuwa ɗan gari ne, ya san unguwar da ke ci da wuta, ya san hanyar ratse. Sai dai babbar mota cike da baƙi ba ta ɓuya, ba ta kuma juyawa da sauri in an tare titi. Mutum ɗaya yakan saje da jama'a, ya koma masauki da wuri.

Wanda bai jin harshen ƙasar, ko yake tafe da iyali da tsofaffi, ayari ya fi masa, in dai jagoran mai yarda ya fasa fita ne idan gari ya ɗau zafi. Ɗan kasuwar da ya saba da garin, yana da mai masauki amintacce, fita shi kaɗai ta fi dacewa da shi.