Montreal, Toronto, Ottawa ko Quebec: Wane Birni Ya Fi Dacewa da Iyalin da Ke Son Kallon Hoki a Hunturu?

Magidancin da ke zaune a Kanada ko a arewacin Amurka, ko wanda ya samu biza zai kai iyalinsa ziyara, idan yaransa suka matsa masa sai ya kai su kallon hoki, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ya nemi garin da ƙungiyarsa ta fi suna. A ganina wannan ba ma'auni ne mai kyau ba. Wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ya sha bamban da na kan ciyawa da wasunmu suka sani a makarantun sakandare, zango uku ne na minti 20 kowanne, kuma idan aka haɗa da hutun da ke tsakani da tsayawar agogo, cikin awa biyu da rabi an tashi. Tafiyar kwana uku kuwa awa 72 ce. Don haka tambayar da ta kamata a yi ita ce: me yaran za su yi a sauran lokacin, minti nawa za su yi a waje cikin sanyi, kuma nawa ne zai rage a aljihu bayan an sayi tikitin mutum biyar ko shida?

Kafin a zaɓi gari ma, a fara duba jadawalin wasanni. Kakar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, tana farawa kusan farkon Oktoba, wasannin zagayen farko su ƙare a Afrilu, kowace ƙungiya tana buga wasanni fiye da 80, amma rabinsu ne kawai a gida, kuma ƙungiya kan yi tafiyar mako guda ko fiye ba ta dawo ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki kafin ya duba wannan yana iya isa garin ya tarar da filin a kulle.

Zan fara da Montreal, domin nan ne zan ba wa yawancin iyalai shawarar zuwa idan wannan ce tafiyarsu ta farko. A wannan birni aka buga wasan hoki na farko mai tsari a cikin rufaffen fili, ranar 3 ga Maris 1875, a nan kuma aka kafa NHL a 1917. Ƙungiyar garin, Canadiens, an kafa ta a 1909, ta ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau 24, babu wadda ta kai ta, ko da yake rabonta da kofin tun 1993. Filinta, Bell Centre, yana ɗaukar mutum wajen 21,000, kuma shi ne mafi girma a gasar. A bakin ƙofarsa akwai mutum-mutumin tsofaffin taurarinta, Howie Morenz da Maurice Richard da Jean Béliveau da Guy Lafleur, a ciki kuma idan yaro ya ɗaga kai zai ga tutocin kofunan da lambobin rigunan tsofaffin 'yan wasa suna reto daga rufi. Mutanen Montreal ba sa kallon wasa a zaune shiru. Ko wanda bai san ƙa'idojin ba, hayaniyar kaɗai za ta sanar da shi lokacin da abu ya yi kyau da lokacin da alƙalin wasa ya ɓata musu rai.

Sai dai ba tarihin ne ya fi jan hankalina ba, sauƙin zirga-zirga ne. Filin yana tsakiyar gari, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu, Lucien-L'Allier da Bonaventure, suna daf da shi, kuma akwai hanyoyin tafiya a ƙasa na ƙarƙashin gine-gine masu tsawon fiye da kilomita 30 waɗanda suka haɗa tashoshi da kantuna da wasu otal-otal. A garin da matsakaicin sanyinsa a watan Janairu yake kusan digiri 10 ƙasa da sifili, uwa mai goyo ko mai tura keken jariri ta san darajar wannan. A ginin da ake kira 1000 de La Gauchetière, kusa da Bonaventure, akwai filin zamiya na cikin gida inda ake hayar takalmin ƙanƙara, yaron da bai taɓa takawa ba zai koya ba tare da iska tana dukan fuskarsa ba. Idan rana ta fito kuma iska ta lafa, ana iya hawa dutsen Mont-Royal zuwa filin da ke gefen tafkin Castors, ko a gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa.

Tikitin Canadiens yana da tsada, musamman na daren Asabar ko ranar da Toronto ko Boston suka zo. Amma ga mafita: ƙaramar ƙungiyarsu, Laval Rocket, wadda ke buga gasar AHL, mataki ɗaya ƙasa da NHL, tana wasa a Place Bell, kusa da tashar Montmorency da ke ƙarshen layin jirgin mai launin ruwan lemo. Kuɗin shiga can ya yi ƙasa ƙwarai, kujerun sun fi kusa da ƙanƙarar, kuma yaro ɗan shekara shida ba zai bambance gudun ɗan wasan AHL da na NHL ba. Abin da zai riƙe shi ne ƙarar da gilashi ya yi lokacin da aka haɗa mutum biyu da bango a gabansa, da yadda kaifin takalmi ke fesa garin ƙanƙara idan ɗan wasa ya ja burki. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, Montreal tana da wani ƙarin daɗi, domin Faransanci ne harshen titi da na kanti. Abincin halal ma ba wahala, saboda yawan mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Labanon, musamman a yankin titin Jean-Talon ta gabas.

Toronto kuwa tana da abu guda da babu wanda zai yi takara da ita a kansa, wato gidan tarihin fitattun 'yan hoki, Hockey Hall of Fame, a mahaɗar titin Yonge da Front, tafiyar 'yan mintuna daga tashar Union. A cikin wani tsohon ginin banki, a ɗakin ajiyar kuɗi na da, aka ajiye asalin kwanon azurfar da Lord Stanley ya bayar a 1892, wanda aka fara miƙa wa zakaru a 1893. Akwai kuma wurin da yaro zai riƙe sanda ya buga wa mai tsaron gida na allo, ko ya sa kayan gola ya tare. Uban da yake son ɗansa ya ga cewa wasan nan bai keɓanta da wani launin fata ba, ya nemi hoton Jarome Iginla, tsohon kyaftin ɗin Calgary Flames, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, aka zaɓe shi cikin wannan gida a 2020. Yana iya ƙara ba shi labarin Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanon, wanda ya ci kofin da Colorado a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, London ta Ontario.

Sanyin Toronto ya fi na sauran sauƙi, jirgin ƙasa daga filin jirgin sama na Pearson yana kai mutum tashar Union cikin kimanin minti 25, filin wasan Scotiabank Arena kuma yana manne da tashar. Matsalar ita ce kuɗi. Tikitin ƙungiyar garin, Maple Leafs, yana cikin mafiya tsada a duk gasar, duk da cewa rabon ƙungiyar da kofi tun 1967, kuma kujerun ƙasa da yawa kamfanoni ne suka riƙe su, shi ya sa filin ba ya ɗaukar zafi irin na Montreal. Masaukin tsakiyar gari shi ma ba arha. Iyalin da suka zaɓi Toronto, na fi ganin su yi wa gidan tarihin yini guda, su kalli ƙaramar ƙungiyar Marlies a Coca-Cola Coliseum ko ƙungiyar mata ta Sceptres, sannan su kai yara filin zamiya na dandalin Nathan Phillips a gaban majalisar birni. Mai 'ya'ya mata ya lura da wannan gasa ta mata, PWHL, wadda ta fara wasa ranar 1 ga Janairu 2024, domin Montreal da Ottawa ma suna da ƙungiyoyinsu a cikinta.

Ottawa gari ne na wanda yake son yaransa su taka ƙanƙara da ƙafarsu fiye da su zauna kallo. Idan magudanar Rideau ta daskare, ana share tsawon kilomita 7.8 daga kusa da majalisar dokoki har a wuce tafkin Dows, kowa ya shiga kyauta, har ma'aikata kan bi ta kai zuwa ofis da jaka a baya. To amma wannan ni'ima tana hannun yanayi. A hunturun 2022 zuwa 2023 ba a buɗe ta ko kwana ɗaya ba saboda ƙanƙarar ba ta yi kaurin da ake buƙata ba, kuma ko a shekarar da aka buɗe, ɗumin kwana biyu yana sa a rufe. Filin ƙungiyar garin, Senators, kuma yana Kanata, wajen kilomita 25 yamma da tsakiyar gari, sai da mota ko bas, fita daga wurin ajiye motoci bayan wasa kuwa tana cin lokaci yayin da yara ke gyangyaɗi. Tikitin ya fi na Toronto da Montreal sauƙi, shawarma kuma ko'ina aka juya akwai ta. Tun da jirgin ƙasa daga Montreal awa biyu ne kacal, na fi ɗaukar Ottawa a matsayin ziyarar yini guda da za a yanke shawararta da safe bayan an ji labarin ƙanƙarar.

Birnin Quebec ba shi da ƙungiya a NHL tun da Nordiques suka koma Denver a 1995, kuma wannan ne yake sa mutane da yawa ba sa saka shi a lissafi. Amma idan yaran suna tsakanin shekara takwas zuwa goma sha uku, kuma tafiyar za ta iya faɗawa watan Fabrairu, to nan zan sa a gaba, har sama da Montreal. A wannan wata ake yin gasar yara ta duniya ta Pee-Wee, wadda aka fara a 1960, inda 'yan shekara 11 da 12 daga ƙasashe daban-daban suke wasa a Centre Vidéotron, filin da aka buɗe a 2015 mai kujeru wajen 18,000. Manyan taurari irin su Guy Lafleur da Wayne Gretzky da Mario Lemieux duk sun ratsa ta wannan gasa suna yara. Ana buga wasa bayan wasa tun safe, saboda haka iyali za su shiga lokacin da ya yi musu, su fita idan ƙaramin ya gaji, ba tare da jin an yi asarar tikiti mai tsada ba. Yaro kuma idan ya ga sa'ansa, wanda kwalkwali ya kusa rufe masa ido, ya ci ƙwallo dubban mutane suna tafa masa, abin yana shigarsa fiye da ganin ƙaton da bai san sunansa ba. Ƙungiyar matasan garin, Remparts, wadda ta ci Kofin Memorial na zakarun matasa a 2023, a filin take wasa. Bikin hunturu na birnin ma yakan zo a kusan wannan lokaci, abin da ke nufin masauki yana cika da wuri. Illar Quebec biyu ce: sanyinta ya fi na sauran ukun, titunan tsohon gari kuma masu hawa da gangara ne, ga santsi, wanda ba ya yi wa tsoho ko mai ciki daɗi. Gidajen abincin halal ma ba su kai yawan na Montreal ba, gara a kama masauki mai wurin girki.

Akwai Edmonton, garin da fitaccen ɗan wasa Connor McDavid ya yi suna a ƙungiyarsa, inda aka gina masallacin farko na Kanada, Al-Rashid, a 1938. Amma nisanta da sanyin da kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili sun sa ba zan kai ƙananan yara can don kwana uku ba, sai idan akwai dangi da za a sauka a wurinsu.

Duk garin da aka zaɓa, akwai abubuwan da ba sa canzawa. Farashin da aka rubuta a kanti ko a otal ba shi ne za a biya ba, domin ana ƙara haraji na kashi 13 cikin ɗari a Ontario, kusan kashi 15 a lardin Quebec. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Montreal da misalin ƙarfe huɗu da kwata, don haka Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, amma amfanin hakan shi ne wasan ƙarfe bakwai na dare yana samun mutum ya riga ya yi Isha'i. A ci abinci kafin a shiga fili, saboda na ciki yana da tsada, naman da ke cikin burodin ba lallai ya zama halal ba, kuma ana sayar da giya a ko'ina cikin filin. Wasan rana na ƙarshen mako ya fi cika da iyalai, ya kuma fi natsuwa. Game da sutura, takalmi mai hana ruwa shiga da safar hannu mai kauri sun fi babbar riga muhimmanci, domin ta yatsu da kunne sanyi yake fara kayar da yaro.

Ranar wasan, a isa da wuri. Kimanin rabin awa kafin a fara, 'yan wasa suna fitowa motsa jiki, kuma a filaye da yawa ana barin yara su gangara bakin gilashi ko da kujerarsu tana can sama. A nan ne za su ga baƙin faifan robar nan mai nauyin giram 170 yana dukan bango a gabansu, wani lokaci ma ɗan wasa ya jefo wa yaro guda ta saman gilashin. Jariri da ɗan ƙasa da shekara huɗu a sa musu abin toshe kunne tun kafin a jefa faifan farko, domin ƙahon da ake busawa idan masu gida suka ci ƙwallo ba ya yin sallama.