Lambda-cyhalothrin 2.5 EC da tsutsa mai yanke shuka: yana aiki, amma sai da yamma

Masu noman rani a fadamun Kwalkwalawa, Wurno da Goronyo sun san wannan ɓarna: a dasa tumatir ko tattasai yau, a wayi gari a tarar da dashen kwance, an datse shi daidai ƙasa kamar da reza. Tona gindinsa kamar tsawon ɗan yatsa, za ka ga tsutsa mai launin toka ta naɗe kamar zobe. Ba ita ce mai shiga kunnen masara ba. Wannan a ƙasa take wuni, sai dare take fita.

Ɗaya daga cikin magungunan da ake miƙo wa manomi a shagunan Sakkwato shi ne lambda-cyhalothrin 2.5 EC, wato mai ruwa da ake gaurayawa da ruwa kafin feshi, da sunayen kamfanoni iri-iri. Yana da araha kuma yana kashewa da sauri, amma sai ya taɓa jikin tsutsar ko ta ci shi, don ba ya shiga cikin shuka. Nan ne ake asarar kuɗi. Wanda ya yi feshi da hantsi a kan ganye, ƙasa a bushe, ruwa kawai ya zubar.

A yi ban ruwa kaɗan da la'asar, damshi na jawo tsutsar sama. Gab da magariba a sauke kan feshi, a jiƙa gindin shuka da ƙasar da ke kewaye da shi. Awo na jikin kwalba: in an rubuta ml 500 a hekta, kuma lita 200 na ruwa kake kashewa, ml 40 ke nan a tankin goyo mai lita 16. A auna da sirinji, murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Bayan kwana biyu ko uku a zaga a duba ko akwai sabon yanka.

Rauninsa, tsutsar da ta ƙosa takan tsira, gara a tone ta da hannu. Yana kashe kifi da ƙudan zuma, don haka kada a wanke tanki a gulbi ko magudanar ruwa, wannan ba wasa ba ne a fadama. Yana kuma sa zafi da ƙaiƙayin fuska, a rufe hanci, a sa safar hannu.

Uwar tsutsar a ciyawa take zuba ƙwai. Gonar da aka share mako biyu kafin dashe, sau da yawa feshi ɗaya ya ishe ta.