Agogon ƙirga kalori da ɗan sikelin girki: wanne ke taimakon mai rage ƙiba?

Mai neman rage ƙiba a Damagaram yakan fara da sayen agogon nan mai ƙirga taku, irin Xiaomi Smart Band da ƴan uwansa marasa suna da ake samu wurin masu sayar da waya. Wata biyun farko kilo uku ko huɗu sukan tafi. Daga nan nauyi ya tsaya cak, alhali an ƙara tafiyar asuba, ana kuma rubuta abinci a manhajar waya. Yawanci matsalar tana cikin lissafin, kuma agogon yana da hannu a ciki.

A ba shi haƙƙinsa: wajen ƙirga taku yana ƙoƙari. Ka yi taku ɗari kana ƙirgawa da baki, ka duba. Mai kyau ba ya nisa da ɗarin. Amma motsin hannu yake ji, shi ya sa mai daka gero a turmi ko wanda ya hau kabu-kabu a hanya mai gargada zai ga an rubuta masa takun da ƙafarsa ba ta yi ba. Bugun zuciya kuma da koren hasken da ke bayansa yake aunawa, to sai maɗaurin ya kama hannu sosai, a ɗan sama da ƙashin wuyan hannu. In ya yi sako-sako ko gumi ya shiga tsakani, lambar sai ta riƙa tsalle.

Inda ya gaza shi ne kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki da wanda jiki ke ƙonawa. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda 7 a jikin mutum 60. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a kalori wanda ya fi daidai ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Kuskuren ya fi yawa ga masu baƙar fata da masu jiki, da kuma lokacin tafiyar ƙasa, wato mu ke nan da irin motsa jikin da muka fi yi.

Mutum mai kilo 80 da ya taka kilomita 5, daga Birni ya zaga ta Zango ya dawo a ce, ya ƙona kalori kamar 300. Kusan 100 daga ciki ko yana zaune a kan tabarma zai ƙona su, saura 200. Wasu manhajoji, har da MyFitnessPal, suna ɗaukar abin da agogo ya rubuta su ƙara maka a rabon abincin ranar. In agogon ya ce 450, ka kuma ci 450, ka ci fiye da abin da tafiyar ta cire. A kashe wannan tsarin tun ranar farko.

Jiki ma yana ramawa. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa wajen kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona da motsi, jiki yana tsimin sa a wani wuri. Wanda ya yi gudu da asuba a zafin watan Afrilu yakan wuni a kwance, aiken da da ƙafa yake yi ya koma na babur. Kowane kilo da ya tafi kuma yana rage abin da jiki ke ƙonawa da kalori kamar 20 zuwa 25 a rana, ga yunwa tana ƙaruwa. Rabon da ya rage ka kana kilo 90 yana iya zama wanda zai tsayar da kai a 83.

Ɗan sikelin girki samfurin SF-400, farin roba mai batir biyu, shi ne a ganina ya cancanci kuɗinsa. Akwai mai ɗaukar kilo 5, 7 ko 10, yana ƙirga giram ɗaya-ɗaya. Ka ɗora kwano, ka danna maɓallin da aka rubuta TARE ya koma sifili, sannan ka zuba abinci. Amfaninsa ya fito fili in aka tuna wani bincike na 1992 kan mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa ramewa: abin da suka rubuta ya gaza abin da suka ci da kashi 47 cikin ɗari. Ido ba ya iya kimanta mai, ko da mutum na da gaskiya.

Da mai za a fara. Babban cokali ɗaya giram 14 ne, kalori kamar 120. Rubu'in lita ya haura 2,000. Tunda tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, uwar gida ta auna kwalbar man kafin girki, ta sake aunawa bayan ta sauke, a raba bambancin da yawan masu ci. Rubu'in lita ga mutum takwas ya ba kowa 250, tun ba a ƙirga wanda ake kwararawa kan shinkafa da wake ko dambun zogale ba. Sai sukari. Shayin fada zagaye uku ne, kowane da nasa. Giram 30 kawai kalori 120 ne, kuma ba wanda ke rubuta shi, don ba a ɗauke shi abinci ba. Haka sukarin fura da na kunu. Soyayyar gyaɗa giram 50, abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, ta kusa 300. Ita kaɗai ta shafe tafiyar asuban nan.

Kuskuren da ya fi yawa a manhaja shi ne haɗa ɗanye da dafaffe. Ɗanyar shinkafa giram 100 kalori 360 ce, dafaffiya kuwa 130. Tuwo da fura ba kasafai ake samun lissafinsu na gaskiya a ciki ba, gara a auna garin geron ɗanye, wajen 370 a giram 100, a raba da yawan malmala ko dunƙulen da ya fitar.

Sikelin yana da nasa aibu. Farantinsa ƙarami ne, babban kwano yana rufe lambar. Yana kashe kansa da wuri, ana tsaka da zuba abu. Giram ɗaya ko biyu ba ya jin su da kyau. In batir ya yi sanyi lamba tana yawo, a kan tabarma ko yashi kuma ƙarya yake yi, sai a kan siminti ko tebur mai lebur. Kada a ɗora masa tukunyar da ta fi ƙarfinsa, kada a bar shi ƙurar hunturu ta shige shi. Kafin ka biya, ka ɗora abu ɗaya sau uku, a tsakiya da gefe. In lambar ta bambanta da fiye da giram biyu ko uku, karɓi wani.

Kafin a ce nauyi ya tsaya, a tabbata ba ruwa ba ne. Gishiri da dunƙulen magi, sabon motsa jiki mai sa tsamin jiki, da kusantowar al'ada ga mata, duk suna riƙe kilo ɗaya zuwa biyu na ruwa. A hau sikelin jiki kowace safiya bayan an kewaya, kafin a karya, a haɗa na kwana bakwai a raba bakwai, a kwatanta mako da mako. A ɗaura awon tela daidai cibiya sau ɗaya a mako. In mako huɗu sun wuce ba kilo ba ƙugu da ya motsa, a rage kalori 150 zuwa 200 a rana, daga mai da sukari tukuna, a bar wake da ƙwai da nama da ganye yadda suke. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai ciki ko mai shayarwa, su ga likita kafin su taɓa rabonsu. Haka wanda ke shan maganin dexamethasone ko prednisolone, domin waɗannan da kansu suna ƙara nauyi, kuma ba a daina su farat ɗaya.