Gyaran mitar OM-1 ko sayen ta hannu

Ɗan'uwa, batun kyamarar nan Olympus OM-1 ta Baba, Allah Ya jiƙan sa, da allurar mitar haskenta ta tsaya cak: tsakanin kai ta gyara da sayen mitar hannu, ni dai na ce sayi ta hannu. Amma kafin ka fitar da ko sisi, sa kwabo ka murɗe murfin batir da ke ƙasanta ka leƙa.

An ƙera ta ne don batirin PX625 mai zaiba, bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. Wanda za a miƙo maka a shago yanzu 1.5 ne. Da shi allura za ta motsa, amma ƙarya take yi, hotuna su fito da duhu. Mafi kusa shi ne batirin na'urar masu matsalar ji, lamba 675, bolt 1.4. Ya ɗan yi wa ramin kaɗan, sai ka yi masa zobe da roba, kuma ba ya daɗewa. In ka ga farin gari ko kore a ramin, ɗiga ruwan khal a auduga ka goge, ka bari ya bushe sarai. Danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe.

In ka yi haka allurar ba ta farka ba, to ka bar ta. Sau da yawa wayar da ta taso daga ramin batir ce tsatsa ta cinye, wannan ana iya jonawa. In kuwa idon da ke ganin hasken ne ya mutu, sai dai a cire daga gawar wata kyamarar. Na taɓa kai tawa wurin wani mai gyara, ta yi wata uku a hannunsa, ta dawo da kan noti a gurje, allurar tana nan inda take. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Mitar hannu Sekonic L-308 kuwa shekara shida ke nan tana aljihuna. Batir AA ɗaya take ci, irin wanda ko mai shayi zai nuna maka inda ake sayarwa. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Agege, mai jego na zaune ƙarƙashin rumfa cikin farin leshi, bayanta rana ƙwal. Na kai farin ƙoƙon mitar daidai haɓarta ina fuskantar da shi wajen kyamara, na danna, na bi abin da ta ce. Da aka wanke fim ɗin, har zanen lallen hannunta ya fito, leshin kuma bai ƙone ba. Da mitar cikin kyamara ce, da farin nan da ranar sun ruɗe ta.

Ka yi hattara da masu tallar tsofaffin mitoci marasa batir, masu idon seleniyam. Za su ɗaga ta sama, allura ta yi tsalle, su ce ka gani, garau take. Motsi daban, daidai daban. Fita da ita rana tsaka, ka sa lambar fim a ISO 100, saurin ɗauka kuma a 1/125 na daƙiƙa. Ya kamata ta nuna buɗin idon kyamara kusan f/16. In ta yi nisa da haka, mayar masa da kayansa, kada ka ba da kuɗi kafin gwaji.

OM-1 ba ta buƙatar batir don ɗaukar hoto, mitar ce kaɗai ke ci. Cire tsohon, sa fim, ka ajiye ta da 'yan ƙulle-ƙullen nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.