Ƙanina, ga labarin intanet ɗin Jamus da dalilin da ya sa na turo maka fayil mai wutsiyar xz

Salam ƙanina, ya gida ya karatu, ya jikin Umma, a gaishe min da ita sosai. Naga saƙonka kana cewa abin da na turo ya ƙi buɗuwa a waya, wai ko bairos ne. Ba bairos ba ne, matse shi nayi, kuma da gangan na zaɓi irin wannan matsin, bari in maka bayani dan ya haɗa da tambayar da kake min kullum ta ya sabis yake a nan.

Nan Kolon ba a sayen data giga giga in dai ta gida ce, kwangila ake sa wa hannu, yawanci ta wata 24, a dinga cire maka kuɗi daga banki duk wata ko ka yi amfani ko ba ka yi ba, kai kuma ka sauke abin da ka ga dama ba mai ƙirga maka. Amma kar kayi zaton aljanna ce, kafin ma'aikacinsu ya zo ya jona maka layi sai ka yi ta jira, sanarwa kuma ta wasiƙa za a aiko maka a akwatin gida, mutanen nan da son takarda kamar me. Gidaje da yawa har yanzu ta tsohuwar wayar tarho intanet ɗin ke shigowa, saukewa da gudu amma ɗorawa sai a hankali. Wuta ba a ɗaukewa amma da tsada wallahi, ga kuɗin rediyo da talabijin yuro 18.36 duk wata kan kowane gida ko ba ka kallo. Ku kuma can kowace mega da kuɗinta, balle tun da hukumar sadarwa NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga ɗauke wuta, ga netwok ya tsinke ana tsakiyar saukewa.

To wannan bambancin shi ke yanke irin manhajar matse fayil da mutum zai ɗauka. A wurin aikinmu kusan komai zstd ne yanzu, wani Bafaranshe Yann Collet ya rubuta shi, Facebook suka fitar a 2016. Gudu ne da shi, kana rubuta zstd fayil a baƙin allo, wato terminal inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka danna enta har ya gama, matakin ƙarfin matsinsa na asali 3 ne, yana kaiwa 19, in ka ƙara --ultra ya kai 22. Su abin da ya dame su lokaci ne, injina na tura wa juna bayanai dare da rana, ba wanda ke kuka da data. Har masu Arch Linux, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, sun bar xz sun koma zstd wajen kunshe manhajojinsu, girman ya ɗan ƙaru kaɗan amma kwancewa ta yi sauri sosai, kuma a wajensu ciniki ne mai riba. Ni da nake turo maka abu Kano lissafina daban, ni ke da wuta da inji mai ƙarfi, kai ke biyan kowace mega, dan haka wahalar ta dawo kaina, in bar kwamfuta ta yi ta nishi fanka na juyi, kai ka sauke ɗan ƙarami. Nan xz ya fi kowa dacewa.

Dalili kuwa, duk waɗannan manhajojin maimaici suke nema, in kalma ko layi ya sake fitowa ba sa sake rubuta shi, sai su sa alama cewa koma baya kaza ka kwafo. Tsohon nan gzip da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka yi a 1992 baya iya waiwaye fiye da kilobait 32, shi kuma xz in ka ba shi -9, matakinsa mafi ƙarfi, yana riƙe megabait 64 a ƙwaƙwalwarsa, kaga kenan abin da ya wuce tun ɗazu ma yana tuna shi. Kuɗin hakan RAM ne, wajen matsewa yana cin kusan mega 674 amma wajen kwancewa kamar 65 kawai, shi ya sa tsohuwar laftof ɗinka ba za ta ji komai ba. Akwai bzip2 na Julian Seward tun 1996, har yanzu za ka ci karo da wutsiyar .bz2 a tsofaffin wurare, ni dai ban ga dalilin zaɓensa yau ba.

Wutsiyar biyu ce ka lura, .tar.xz. Su gzip da xz fayil ɗaya tak suke matsewa, ba su san jaka ba, tar ne ke ɗaure jakar gaba ɗaya ta zama dunƙule ɗaya kamar dami, sannan xz ya zo ya danne. Ni abin da na rubuta shi ne tar -cJf karatu.tar.xz karatu, J babba ce ba ƙarama ba, ƙaramar ta bzip2 ce, z kuma ta gzip. Kai a Linux ɗinka ka rubuta tar -xf karatu.tar.xz kawai, shi da kansa zai gane irin matsin. In wani ya turo maka fayil ya canza masa suna ba ka san ko menene ba ka rubuta file da sunan, daga baitocin farko yake ganewa ba daga wutsiya ba. Sannan hattara, gzip da xz in ka matse fayil kai tsaye suna goge na asalin su bar maka matsattsen kawai sai ka sa -k, zstd ne mai barin naka a inda yake.

Kar kuma ka ɓata caji wajen matse bidiyo ko hoto ko waƙa, mp4 da jpg da mp3 an riga an matse su tun daga ciki, yawancin PDF ma haka, abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba. Inda ake ganin abin mamaki rubutu ne zalla, kod, teburan csv, bayanan da aka zazzago daga rumbu, irin su ne suke komawa ɗan mitsitsi.

Aibin tar.xz ɗaya ne kuma da ku ya fi shafa, in saukewa ta yanke ko wani wuri ya lalace a tsakiya to abin da ke bayansa ya tafi. Zip ɗin da kowa ya sani, na Phil Katz tun 1989, kowane fayil daban yake matsewa, shi ya sa baya ƙanƙancewa sosai amma ana iya ciro guda ɗaya a bar saura, kuma kowace kwamfuta na buɗe shi. In malaminku za ka tura wa aiki ka yi masa zip kawai ka huta da tambaya. Tsakanina da kai kuwa nan gaba zan dinga yanka babban da split -b 100M, in ɗaya ya lalace shi kaɗai za ka sake saukewa ba duka ba, in sun cika ka haɗe su da cat, ka gwada da xz -t, in yayi shiru to lafiya lau. Zan haɗo maka da lambar sha256sum, wato lambar tantance fayil, ka kwatanta da taka, in sun yi daidai fayil ɗin bai lalace ba.

Nasan a makaranta wani zai ce maka ai xz ɗin nan an taɓa sa masa ƙofar ɓarayi. Gaskiya ne, a Maris 2024 wani injiniya Andres Freund ya lura shiga inji ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri, ya bi diddigi ya gano an cusa mugun kod a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, aka janye su tun ba su bazu ba. Rubuta xz --version ka duba taka, in ba ɗaya daga biyun nan ba ce ba ruwanka.

In dole a waya za ka buɗe, sauke ZArchiver, ko Termux in kana son baƙin allon a wayar ma, umarnin duk ɗaya ne. A Windows kuma 7-Zip kyauta ne, sai dai wani lokaci sau biyu za ka kwance, na farko ya ba ka .tar na biyu ya ba ka jakar. Ka tabbatar akwai fili a wayar kafin ka fara dan in ya kwance zai ninka girman da ka sauke sosai, in ya buɗe ka min magana in turo kashi na biyu ranar Lahadi tunda nan shaguna a rufe suke ina gida.